Kifi Huɗu a Lita 105: Yadda Wani Tankin Ruwan Gishiri a Malali Ya Samu Zaman Lafiya

## Mai tankin da abin da ya tanada

Mutumin da wannan bayani ya shafa ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, mazaunin Malali a Kaduna, da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Ba baƙon kifi ba ne, don ya shekara shida yana kiwon tarwaɗa a tankunan roba a bayan gida. Sha'awar kifin teku kuwa 'yarsa ta tsakiya ce ta jawo, tun da ta ga wani ɗan kifi ruwan lemo mai farar ɗamara uku a fim ɗin zane ta hana kowa sakat. Ni maƙwabcinsa ne, ina ɗan taɓa kifin ado na ruwan daɗi, kuma duk kwanan wata da awon da ke cikin wannan rubutu daga littafinsa na kwafo. Halin wurin aiki ya biyo shi gida: ko cokali ɗaya na wani abu ya zuba wa tanki sai ya rubuta.

A Fabrairun 2024 mai yankan gilashi ya haɗa masa tanki mai tsawon santimita 80, faɗi 40, tsayi 40. A lissafi lita 128 ke nan, amma da aka zuba yashi da duwatsu ruwan da ya ci bai wuce lita 105 ba. A kiwon kifin teku wannan ƙaramin tanki ne. Gishirin girki ba ya yi, sai gishiri na musamman mai haɗe da kalsiyam da maganiziyam da sauran sinadaran ruwan teku. Daga Legas ya sayo shi, a daidai lokacin da dala ta haye naira 1,500. Ruwan burtsatsen gidan ma bai yarda da shi ba, sai ya riƙa sayen tataccen ruwa a jarka daga wani gidan ruwan leda.

Awon da ya sa a gaba shi ne na teku: gishiri giram 35 a kowace lita, wato 1.025 a ma'aunin gishiri, zafi tsakanin digiri 24 da 27.

## Maris 2024: waɗanda suka fara shiga

Sabon tanki ba ya ɗaukar kifi nan take. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun kafu a jikin duwatsu su mai da ita nitirit, wasu kuma su mai da nitirit nitirat, wanda cutarwarsa kaɗan ce in bai yi yawa ba. Wannan kan ci mako huɗu zuwa shida, kuma ana iya yin sa ba kifi ko ɗaya a ciki, a riƙa jefa ɗan abinci yana ruɓewa.

Mai sayar da kifin a Legas ya ba shi wata shawarar: ya fara da damsal, ƙananan kifi masu araha da taurin rai, su ne za su “dafa” masa ruwan. Ranar 2 ga Maris guda uku suka iso. Biyu baƙaƙe ne wuluk masu farin ɗigo uku, Dascyllus trimaculatus, kowanne bai wuce santimita 3 ba. Na ukun shuɗi ne shar, Chrysiptera cyanea. A mako na biyu nitirit ya hau, ɗaya daga baƙaƙen ya mutu. Ranar 6 ga Afrilu amoniya da nitirit duk suka sauka sifili, nitirat 10.

Makonni biyar ɗin nan baƙin da ya rage ya yi su ne yana zagaye tankin lungu-lungu. Shuɗin ya kama wani rami a kusurwar hagu, sauran fili duk ya zama na baƙin. Yara suka sa wa baƙin suna Ɗan Daba, a lokacin da wasa.

## Afrilu 2024: biyar a kwali ɗaya

Kifin teku ba ya isowa Kaduna da sauƙi. Ana ɗaure shi a leda da iskar oksijin, a sa a kwalin sanyi, jirgin sama ya kawo Abuja, wani ya riƙo a jirgin ƙasa zuwa tashar Rigasa. Kuɗin kwali ɗaya ne, ko kifi ɗaya ke ciki ko biyar. Wannan lissafin ne ya sa Malam ya yi odar biyar a tashi guda.

Akwai kilawun biyu, Amphiprion ocellaris, masu girma ɗaya, su ne waɗanda yarinyar ke so. Akwai girama, Gramma loreto, ɗan tekun Karebiyan, gabansa ruwan shanshanbale bayansa rawaya. Akwai kifin wuta, Nemateleotris magnifica, siriri mai jan wutsiya da dogon tsinke a gadon baya. Na biyar shi ne shuɗin tang, Paracanthurus hepatus, ɗan ƙarami kamar tsabar kuɗi, wanda mai sayarwa ya ce zai shekara biyu kafin tankin ya yi masa kaɗan. Sun iso ranar 13 ga Afrilu bayan awa 14 a leda. Ya yi minti 40 yana ɗiga musu ruwan tanki don su saba, ya sake su kai tsaye. Kifi bakwai ke nan a lita 105, a watan da Kaduna ta fi zafi. Ma'auni ya nuna ruwan ya kai digiri 31 da la'asar.

Ina wurin a daren farko. Ɗan Daba bai ɓata lokaci ba. In ya ga wani ya doso tsakiya sai ya miƙe fiffike, ya zabura kamar an harba kibiya, ya kai cizo a wutsiya, ya dawo ya tsaya a bakin babban dutse yana wata 'yar ƙara ƙas-ƙas da ake ji in an kashe fanka. Kilawun biyun suka maƙale a bayan famfo, can sama. Giramar ta shige wata kafa ba ta sake fitowa ba.

Ranar 15 da asuba, zai fita masallaci, ya taka wani abu a bakin kafet. Kifin wutar ne, ya bushe ƙamas, ƙura ta lulluɓe shi. Irinsu in sun firgita tsalle suke yi, tankin kuwa ba murfi. Ya naɗe shi a takarda kafin yara su tashi.

Ranar 22 fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri suka bayyana a jikin tang.

## Mayu zuwa farkon Yuni: abin da aka gwada

Matsala biyu ce a lokaci guda, faɗa da cuta, ya kuma tunkari kowacce da dabarun da ya ji ko ya sani daga kiwon tarwaɗa.

Don kashe faɗa ya fara sauya tsarin duwatsu, da nufin kowa ya zama baƙo a sake rabon gida. Kwana uku aka samu, a na huɗu Ɗan Daba ya sake mallake tsakiya. Ya liƙa madubi a gefen gilashi don ya shagala da inuwarsa, ya yi yini biyu yana karo da ita, ya gane, ya koma kan maƙwabta. Ya ƙara abinci daga sau biyu zuwa sau huɗu, wai ƙoshi zai sanyaya shi. Faɗan ba na yunwa ba ne, na fili ne, don haka bai ragu ba, nitirat kuma ya tashi daga 10 zuwa 50, gansakuka ta rufe gilashi. Ya yanke bakin gorar roba ya kifa shi ciki ya yi tarko da ɗan abinci. Kilawun sun shiga sau uku, Ɗan Daba ko kallon gorar bai yi ba.

Cutar kuwa ita ce farin ɗigon teku, ƙwayar Cryptocaryon irritans. Ya jiƙa abinci da ruwan tafarnuwa. Ya tsoma tang a ruwan daɗi na minti biyar. Ranar 2 ga Mayu ɗigon suka ɓace, ya rubuta “ya warke” ya ja layi biyu a ƙasa. Bayan kwana tara suka dawo ninkin ba ninkin, har a jikin sauran.

Dalili yana cikin rayuwar ƙwayar. Takan yi kwana uku zuwa bakwai a jikin kifi tana ci, sannan ta sauka kan yashi ko dutse ta rufe kanta cikin ƙwanso, ta rarrabu ta zama da yawa, su fashe su fito neman kifi. Ɓacewar ɗigo ba warkewa ba ce, saukowa ce don haihuwa. A teku yawancinsu ba sa samun kifi sai su mutu. A lita 105 kuwa kifin yana nan kusa, ga shi a tsorace, ba ya cin abinci, ga zafi. Na ba shi shawarar ya ƙara zafin ruwa kamar yadda muke yi wa kifin ruwan daɗi. Allah ya taimaka bai bi ba, don waccan ƙwaya daban ce, ruwansa kuma ya riga ya wuce kima. Abin da ya yi shi ne ya kafa 'yar fanka tana hura saman ruwa, zafi ya sauka zuwa 28.

Tang ya mutu ranar 19 ga Mayu. Girama ta bi ranar 26, wutsiyarta a yayyage, cikinta a lafe. Shuɗin damsal ya mutu ranar 2 ga Yuni. Saura kilawun biyu da Ɗan Daba, wanda ya kai santimita 6, baƙinsa ya fara dusashewa zuwa toka-toka, kuma ɗigo biyu kacal aka gani a jikinsa.

Na ce masa, “Malam, ko haƙura za ka yi ka zuba masa kifin ruwan daɗi? Gilashin ai ba zai ƙi ba.”

Ya ce, “Bari dai in yi sau ɗaya yadda ake yi. In ya ƙi, ka kawo naka.”

## 12 ga Yuni zuwa 4 ga Satumba: tanki ba kifi

Ranar 12 ga Yuni ya kwashe duwatsun kaf ya zuba a baho da ruwan tanki, ya rage ruwa rabi, sannan aka iya kama Ɗan Daba. Awa biyu aikin ya ci, falo ya jiƙe sharkaf. Kilawun suka koma wata robar lita 40, ba yashi ba dutse, sai guntayen bututun ruwa don ɓuya. Ɗan Daba aka ware masa tasa robar. Duka ya yi musu kwana 30 a maganin jan ƙarfe, yana auna ƙarfinsa kullum, don tsakanin adadin da ke kashe ƙwayar da wanda ke kashe kifi tazara kaɗan ce. Ba a zuba wannan magani a babban tanki: dutse yana shanye shi, kuma yana kashe jatan lande da dodon koɗi. Da Ɗan Daba ya gama magani aka kai shi Abuja wurin wani mai tankin lita 500.

Babban tankin aka bar shi ba kifi don ƙwayar ta fashe ta rasa mai ɗauka. An san wasu ƙwanson kan kai kwana 72 kafin su fashe, shi ya sa masu kiwo ke jiran 76. Ranar 20 ga Yuni dodon koɗi huɗu da wani jatan lande mai ɗas, daga dangin Alpheus, suka iso. Cutar ba ta kama su, amma ƙwanso na iya maƙalewa a ɓawonsu, don haka ya soke ƙirgan farko ya fara sabo daga ranar. Duk kwana uku yana jefa ɗan abinci don bakteriya kada su mutu. Baƙi in sun zo sukan leƙa su tambayi ina kifin, matar gidan ta ce Malam duwatsu yake kiwo yanzu.

A wannan zaman jira ne ya yi abin da bai yi ba a Afrilu. Kowane kifin da ya ba shi sha'awa ya buɗe masa shafi, ya rubuta girmansa in ya manyanta, ba girman da ake sayar da shi ba, da inda yake zama a cikin ruwa, da abin da yake ci, da wanda yake kama da shi a launi ko siffa, don kifin murjani ya fi tsanar mai kama da shi. Tang ya faɗi tun a layin farko: yana kai santimita 30, mai yawon nesa ne, tankin kuwa 80 ne gaba ɗaya. Mai sayarwa ya tallata masa mandarin, Synchiropus splendidus, wanda a kyau ba na biyunsa, amma ƙananan ƙwarin dutse masu rai yake tsinta yini guda, ƙaramin tanki ba ya iya ciyar da shi. Ya tsallake kilawun mai ruwan jan goro, Premnas biaculeatus, saboda girma da zafin rai. Ya tsallake wani ƙaramin kifi mai suna dotibak da launinsa ya yi daidai da na girama, don haɗa su haɗa faɗa ne. Furen teku da kilawun ke kwana ciki ma ya bari, tunda yana bukatar haske mai ƙarfi da tsohon tanki, kilawun kuma suna rayuwa lafiya ba shi.

A robar magani wani abu ya faru. Kilawun duka a maza ake ƙyanƙyashe su, wanda ya fi ƙarfi a cikin rukuni shi ke juyewa ya zama mace. Biyun nan sun yi ta 'yar tsama tun Afrilu saboda girmansu ɗaya. A ƙarshen Yuli ɗaya ya zarce, in ya doso sai ƙaramin ya karkace yana karkarwa kamar mai jin sanyi. Alamar miƙa wuya ke nan, faɗansu ya ƙare.

## Satumba zuwa Nuwamba: ɗaya bayan ɗaya

Wannan karon mai tsoro aka fara sakawa, mai ƙarfin hali a ƙarshe, kuma duk wanda ya iso sai ya yi mako huɗu a killace. Kuɗin kwali ya biya sau biyu a kan kifi biyu. An ɗinka wa tanki murfin raga.

Ranar 7 ga Satumba rawayan gobi, Cryptocentrus cinctus, ya shiga. Mazaunin ƙasan tanki ne, ba ya hawa sama. A kwana na uku ya gano ramin jatan landen, suka zama 'yan gida ɗaya. Jatan landen ba ya gani sosai, shi ke haƙa yana turo yashi waje kamar ɗan ƙaramin katafila, gashin bakinsa ɗaya a kan jikin gobin kullum. Gobin na tsugune a ƙofa, idanu a saman kai, baki a turɓune. In inuwa ta gilma ya kaɗa wutsiya, su shige tare. Yara suka ce wannan Maigadi ne. A daren farko da jatan landen ya yi ɗas da babban hannunsa, matar gidan ta taso da fitila tana cewa, “Malam, tashi, gilashin ya tsage!”

Ranar 5 ga Oktoba sabuwar girama ta shiga, ta zaɓi kogo a tsakiyar duwatsu, tana iyo a kife a ƙarƙashin rufinsa kamar yadda suke yi.

Sai ga ɗaukewar wutar ƙarshen Oktoban 2024, wadda ta bar jihohin Arewa da dama cikin duhu kwana da kwanaki. Sola na riƙe famfo da rana, batirin inbata kuwa yakan mutu wajen ƙarfe biyun dare. Ruwan gishiri ya kasa ruwan daɗi riƙe oksijin da kusan kashi ɗaya cikin biyar, in ya ɗumama kuma ya ƙara raguwa. A babban tanki, mai kifi biyu a lita 105, ba abin da ya faru har wayewar gari. A robar lita 40 kuwa, ƙarfe huɗu na asuba ya tarar da kilawun a saman ruwa suna haki. Ya ɗauki kofi yana ɗiba yana zubowa daga sama har aka kira salla. Washegari ya nemo ɗan injin iska mai batir. A littafin, ƙarƙashin jerin kifin da zai saya, akwai sunan kifin wuta a matsayin na biyar. A makon nan ya soke shi.

Kilawun suka koma babban tanki ranar 9 ga Nuwamba, suka kama kusurwar dama ta sama. Macen ta taɓa leƙa kogon girama, giramar ta wangame baki iya ƙarfinta a gabanta, ta ja da baya. Iyakar abin ke nan.

## Hunturu zuwa Yunin 2025

Hunturu ya zo da nasa. Busasshiyar iska tana shan kusan lita biyu a rana, gishiri kuwa ba ya tashi da tururi, sai awo ya hau zuwa 1.028 cikin mako guda. Ya ja layi a jikin gilashi, kullum da safe ya cika da tataccen ruwan daɗi zuwa layin. Da dare zafi ya sauka 22, ya sa hita mai wat 100. A zafin Maris da Afrilu fanka ta koma aiki. Yana canza lita 10 duk mako.

Awon 14 ga Yunin 2025: gishiri 1.025, zafi 26, amoniya da nitirit sifili, nitirat 10. Kifi huɗu, ba a rasa ko ɗaya ba tun Satumba, ɗigo bai dawo ba. Macen kilawun ta fara cizon hannunsa in ya sa zai goge gilashi.

## Hukunci

Ni da shi ba mu daidaita a kan babban kuskuren ba. Shi yana ganin rashin killacewa ne: da tang ya yi mako huɗu a roba, da cutar ba ta shiga ba. Ban musa ba, amma kifin wuta ba cuta ce ta kashe shi ba, girama kuma ta daina cin abinci tun kafin ɗigo ya taɓa ta. A ganina an ɓata tankin tun ranar 2 ga Maris, da aka ba kifi mafi zafin rai mako shida shi da gidan. Ɗan Daba bai yi laifi ba, halin jinsinsa ne kare fili, filin da yake ɗauka nasa kuwa ya fi tankin gaba ɗaya girma. Duk dabarun Mayu sun gaza ne don ba wadda ta ƙara ko taku ɗaya na fili.

Huɗun nan sun zauna lafiya saboda ba mai neman abin wani. Gobi na ƙasa, girama na kogo, kilawun na sama, ba mai kama da wani, ba wanda zai wuce santimita 10 ko 11, duk suna cin abincin gwangwani. Ko a hakan jerin shigarsu ya yi aiki: da kilawun ne suka riga, ina kyautata zaton girama ba za ta samu kogon tsakiya cikin sauƙi ba.

Maganar adadi kuwa, littattafan waje za su iya yarje wa tanki irin wannan kifi biyar. An rubuta su ne a inda famfo ba ya tsayawa. A Kaduna adadin da ya dace shi ne wanda zai kai asuba da rai in batir ya mutu ƙarfe biyu a watan Afrilu, kuma a nan na ba shi gaskiya da ya soke na biyar. Lissafin kwali ma ya juye masa: biyar ɗin da ya haɗa don tsimin kuɗin hanya, uku sun mutu cikin mako shida.

Yarinyar har yanzu tana tambaya, “Abba, yaushe za a dawo da shuɗin?” Kwanaki na same shi da tef yana auna bangon falo. Tankin da zai ishi tang sai ya kai wajen santimita 180, wato sai an fitar da doguwar kujera. Matar gidan ta leƙo daga kicin ta ce kujerar da kayan aurenta ta zo.